Kashin Yawo Ma Yana Fure

 Darasin da muka liƙa a allo wannan makon a kan wani tsiro ne da kowa ya sani a makarantar nan. Wanda bai san sunansa ba ma safarsa ta san shi, haka tafin ƙafar duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ba takalmi a bayan azuzuwa. Kashin yawo muke nufi. Yanzu da ruwa ya ɗauke ƙayarsa ta bushe, shi ya sa muka ga babu lokacin da ya fi wannan dacewa a yi maganarsa.

Ƙayar dai kowa ya san ta. Amma ku tambayi mutum goma launin furen kashin yawo, da wuya ku sami ɗaya da zai faɗa, wasu ma cewa za su yi ai ba ya fure. Yana yi. Furen ƙarami ne ƙwarai, kuma lokacin da yake fitowa tsiron bai fara sukar kowa ba, don haka babu mai sunkuyawa ya duba. Abin da muke so mu nuna shi ne, sai mun gane tsiron nan tun yana ƙarami, kafin ya yi ƙaya, sannan za mu iya raba filin wasanmu da shi. Hanya mafi sauƙi ta gane shi kuwa ita ce mutum ya shuka shi da hannunsa a gwangwani ya zuba masa ido.

Gidan da ya fito

Masana tsirrai suna kasa tsirrai dangi-dangi, kuma abin da suka fi dubawa shi ne ƙirar fure. Dangin kashin yawo sunansa Asteraceae, daga kalmar Girkanci "aster", wato tauraro. Yana cikin dangogi mafiya girma a duniya, domin akwai tsirrai iri daban-daban fiye da 20,000 a cikinsa. Da yawansu mun san su. Shuwaka 'yar gidan ce, haka latas da ake yin salak da shi, da tazargade, da dayi da raƙuma ke ci, da kuma sanfulawa, babban furen nan rawaya da ake matse man girki daga irinsa.

Me ya haɗa shuwaka da latas da kashin yawo, alhali ba su yi kama ba? Sirrin yana cikin furen. Abin da muke gani mu ce fure ɗaya ne, a wannan dangin taron furanni ne da yawa da suka cunkushe a kai guda. Kamar mutum ne ya hango mu daga nesa muna tsaye a asambuli, zai ga abu ɗaya mai launin yunifom, sai ya matso zai ga ashe mutane ne kowa da fuskarsa.

Don ku gani da idonku, ku nemi ɗan furen nan mai doguwar wuya da ke fitowa a bakin kwata da gindin katanga, mai fari-fari a gefe da rawaya a tsakiya, wanda masu kiwon zomo ke tsinko ganyensa. Sunansa na kimiyya Tridax, shi ma ɗan gidan ne, kuma ya fi kashin yawo sauƙin dubawa saboda ya fi shi girma. Ku ɗora shi a kan farar takarda ku warware shi da farce a hankali. Farare na gefe za su fito ɗaya-ɗaya, kowanne da haƙora uku a bakinsa. Rawayan tsakiyar kuma za ku ga ashe ƙananan bututu ne masu yawa. Kowane fari ɗaya fure ne, kowane bututu ɗaya ma fure ne, kuma iri ƙwaya ɗaya tak kowannensu yake bayarwa. A ƙarƙashinsu akwai wasu korayen ɓawo da suka riƙe su duka kamar ƙoƙo. Duk tsiron da kuka warware furensa kuka ga wannan tsari, to kun sami ɗan gidan Asteraceae.

Yadda ake gane shi

Kashin yawo a tsaye yake girma, ba ya yaɗo. Yakan kai gwiwar mutum, inda ƙasa ke da taki kuma yana iya kusan mita ɗaya. Alamarsa ta farko da ake hangowa tun daga nesa ita ce yadda yake reshe. Karan yana tafiya sai ya rabu biyu kamar gwafa, kowane reshe ya ɗan yi tafiya shi ma ya sake rabuwa biyu, haka har sama. Shi ya sa babban tsiro yake buɗewa daga sama ya tsuke daga ƙasa. Karan duk gashi ne, idan aka shafa shi akwai kaushi.

Ganyen bibbiyu yake fitowa, ɗaya yana fuskantar ɗaya, kuma kusan manne yake da kara, ba shi da doguwar wuya irin ta ganyen mangwaro. Ƙirarsa kamar ƙwai, gefensa da 'yan haƙora marasa zurfi, shi ma da gashi. Idan kun juya bayansa kuka duba da gilashin ƙara girma na ɗakin kimiyya, za ku ga wasu ɗigo-ɗigo ƙanana. Idan aka murza shi yana da ɗan wari.

To ina furen? Ku duba daidai tsakiyar gwafar, inda reshe ya rabu biyu. A nan yake zaune, ba shi da wuya ko kaɗan, faɗinsa bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, wato rabin santimita a kan rularku. Launinsa rawaya ne mai haske da ya ɗan ja zuwa kore, shi ya sa yake sajewa da ganye. Da gilashin ƙara girma za ku ga tsarin nan da muka gani a Tridax, sai dai a taƙaice: 'yan furanni a gefe, yawanci biyar zuwa takwas, da wasu 'yan kaɗan a tsakiya.

A nan ne abin ya fi ba mu sha'awa. A kashin yawo an raba aiki. Furannin tsakiya maza ne, ƙurar fure kawai suke bayarwa, ba sa yin iri. Na gefe su ne mata, kuma kowace ɗaya ita ce take zama ƙaya ɗaya. Saboda a zagaye suke tun farko, idan suka girma sai ƙayoyin su fito a zagaye, kowace ta miƙe waje, su ba da siffar tauraro. Idan kun ƙirga ƙayoyin da ke cikin tauraro ɗaya, kun ƙirga furannin gefe da suka yi iri ke nan. Ku gwada a tsiro uku ko huɗu, za ku ga lissafin ba ya zama ɗaya kullum.

Ita kanta ƙayar ta cancanci a dube ta da kyau, sai dai a ɗauke ta da takarda. Tsawonta kamar milimita 6 ne, gindinta a tsuke, kanta da faɗi. Jikinta cike yake da gajerun ƙayoyi masu lanƙwasa a baki kamar ƙugiya, su ne suke kama safa da gashin tunkiya. A kanta kuma akwai dogaye guda biyu da suka buɗe kamar ƙahon akuya, su ne suke shiga ƙafa. Duk wannan riga ce kawai. Ɗaya daga cikin ɓawon da ke riƙe da furen ne ya naɗe irin, ya taurara, ya yi ƙaya. Idan aka fasa rigar, ƙwayar iri ɗaya ce a ciki.

Kada a haɗa shi da ƙarangiya ko tsidau

A filinmu masu suka uku ne, kuma sau da yawa duk wanda ya soki mutum sai ya ce ƙarangiya ce. Babu dangantaka tsakaninsu. Ƙarangiya 'yar gidan gero da dawa ce, ganyenta siriri dogo, ƙayoyinta a jere suke a kan zangarniya. Tsidau kuwa kwanciya yake yi a ƙasa ya bazu kamar tabarma, ganyensa ƙanana a jere irin na tsamiya, furensa rawaya sosai mai kunnuwa biyar, kuma fure ɗaya ne na gaske, ba taro ba. Ɗansa yana da tauri, idan ya bushe yakan rabu gida biyar, shi ne mai fasa tayar keke. Idan tsiron a tsaye yake, mai faɗin ganye, mai reshe gwafa-gwafa, da tauraro a tsakiyar gwafar, kashin yawo ne ba tantama.

Baƙo ne

Mutum zai ɗauka tun fil azal yana ƙasar Hausa, amma asalinsa daga nahiyar Amurka ne, ɓangaren da ke da zafi kamar Barazil. Yau yana Afirka da Indiya da Ostireliya, har manoman gyaɗa a jihohin Jojiya da Fulorida da Alabama na ƙasar Amurka suna fama da shi. Ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike irin na irin Tridax da iska ke ɗauka. Mu da dabbobinmu da buhunanmu ne motarsa. Wanda ya sa masa "yawo" a sunansa ya lura da kyau.

Sunansa na kimiyya Acanthospermum hispidum. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Augustin de Candolle ne ya rubuta shi da wannan suna a 1836. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta iri mai ƙaya, ta biyun kuma Latin ce, ma'anarta mai gashi mai kaushi. Wanda ya riƙe ma'anar ba zai sha wahalar haddar sunan ba.

Akwai wani ɗan gidansu da ya yi suna a duniya, Artemisia annua, ɗan'uwan tazargade. Daga jikinsa ne wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar da sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro na ACT da ake ba mu a asibiti, kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma zama gida ɗaya ba ya sa hali ya zama ɗaya. Gaskiya ne masu maganin gargajiya suna amfani da kashin yawo, sai dai a 1978 masu bincike a Sudan sun wallafa cewa da suka ciyar da awaki da shi ya lalata musu hanta da ƙoda. Dabbobi ma da kansu ba sa son cin sa idan da wata ciyawar. Don haka kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya je ya dafa ya sha, kuma kada a zuba wa akuya ko zomo shi a cikin harawa.

Shuka shi a gwangwani

Kashin yawo tsiron shekara ɗaya ne. Yana tsirowa da ruwan farko, ya girma, ya yi fure, ya yi iri, ya mutu, duk a damina guda. Ba kamar shuwaka ba da ake sarewa ta sake tofowa. Saiwarsa ba ta rayuwa zuwa baɗi. Wanda za mu gani baɗi, ɗan wanda ya zubar da ƙaya bana ne. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran maganar take.

Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun shuka shi a zangon karatu na uku da ya wuce, da izinin malaminmu na Noma. Baba maigadi da ya ga muna ba shi ruwa sai da ya riƙe baki, ya ce shi bai taɓa ganin inda ake renon ƙaya ba. Muka ce masa, Baba, so muke mu san fuskarsa tun yana jariri.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. A sami babban gwangwanin madara ko na tumatir, a huda gindinsa da ƙusa wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa fita. A cika shi da ƙasa mai yashi-yashi da ɗan busasshen taki. Ƙayar gaba ɗayanta ake shukawa, ba sai an fasa ba, kuma da cokali ko ninkakkiyar takarda ake ɗaukarta. Kada ramin ya wuce santimita 1 zuwa 2, domin idan ya yi zurfi da yawa tsiron ba zai iya fitowa ba. A shuka da yawa, kamar goma a gwangwani ɗaya, saboda ba duka suke tsirowa lokaci guda ba. Wasu za su fito cikin 'yan kwanaki, wasu kuma su yi kwanciyarsu a ƙasa har wata daminar. A ajiye gwangwanin inda rana take bugawa sosai, a ba shi ruwa idan saman ƙasar ya bushe.

Akwai wata dabara da za ta taimake ku. Ƙasar da kuka ɗebo tana ɗauke da irin wasu ciyayi da ba ku gani, kuma su ma za su tsiro. Saboda haka duk inda kuka sa ƙaya ku kafa tsinken tsintsiya a gefensa. Abin da ya fito a gindin tsinke shi ne naku. Idan da hali, ku shuka ƙarangiya da tsidau a wasu gwangwanaye biyu, ku jera su uku ku riƙa kwatantawa.

Ga abin da za ku gani. Da farko ganye biyu ne za su buɗe, masu santsi, ba gashi, kamar yadda wake yake fitowa da biyu. Waɗannan ba su ne ganyensa na gaskiya ba. Ƙarangiya ita da ganye ɗaya siriri take fitowa kamar gero, don haka tun ranar farko an raba gari da ita. Bayan haka wasu biyu za su fito a tsakiya, masu gashi da 'yan haƙora, sai wasu biyun su fito a gicciye da su. Idan kun leƙa daga sama za ku ga kamar alamar tarawa ta lissafi. Wannan fuskar ce muke so kowa ya haddace, domin a wannan matakin yatsa biyu sun isa su tuge shi, kuma babu abin da zai soke ku. A nan sai ku rage su ku bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi.

Bayan kamar mako biyar ko shida karan zai fara gwafa, furen farko ya bayyana a tsakiya. Ku riƙa auna tsayinsa da rula sau ɗaya a mako, ku rubuta kwanan wata, ku zana abin da kuka gani. Zane ya fi kallo kawai, domin sai mutum ya zo zanawa yake tambayar kansa ko ganyen nan yana da wuya ko ba shi da ita. Wani abin lura kuma, tsiron ba ya jira ya gama girma kafin ya yi iri. Gwafar ƙasa tana da koren tauraro, ta tsakiya tana fure, ta sama ba ta ma buɗe ba.

Matsala ɗaya ita ce hutu. Idan an shuka a watan Yuni, furen zai zo daidai da jarrabawa, ƙayar kuma ta nuna ana dogon hutu. Dole wani ya tafi da gwangwanin gida, ya ajiye shi inda akuya da ƙannensa ba za su kai ba. Da zarar taurarin sun fara sauyawa daga kore zuwa ruwan ƙasa, a tsinke su da almakashi a zuba a takarda a ƙone, a bar kaɗan don gwaji. Kada a jefa su a bola ko a cikin taki, domin daga nan gona za su nufa. Wanda ba zai iya wannan kulawar ba, gara kada ya shuka.

Filinmu

Yanzu mu dawo bayan azuzuwa. Kowace shekara sai mun dawo hutu a Satumba ko Oktoba ake ba mu lauje da fartanya mu share fili. A lokacin kashin yawo ya gama aikinsa. Muna sara ƙayar tana zuba, muna jan ciyawar zuwa bola muna barbaɗa ta a hanya, sauran kuma mu kai gida a safa. A ganinmu wannan sharar taya shi shuka ce. Filin zai yi kyau na mako biyu, baɗi kuma ya fito fiye da na bana.

Shawararmu ga firifet mai kula da shara, da kuma malamanmu idan sun ga ya dace, ita ce a ƙara wata rana a ƙarshen Yuni, da wata a tsakiyar Yuli kafin jarrabawa, kowane aji ya bi ɓangarensa ya tuge ƙananan da hannu tun ba su yi fure ba. Rana biyu muka ce saboda ba tare suke tsirowa ba. Kuma kada a sa ran shekara ɗaya za ta isa, tunda akwai irin da ke kwance a ƙasa yana jira, ga awakin unguwa da ke shigowa ta inda katanga ta faɗi suna kawo sabo a jikinsu. Amma duk tsiron da aka tuge kafin ya yi tauraro ya tafi ke nan bai bar magaji ba.

Na bana da ya riga ya bushe, a tuge shi a hankali a sa a buhu a nan inda yake, kada a ja shi a ƙasa, sannan a ƙone a wuri ɗaya da malami a tsaye. Wanda yake son yin gwajin gwangwani a zango na uku, yanzu ne lokacin ɗibar iri. Ya zaɓi taurarin da suka bushe sosai, ya zuba a kwalin ashana, ya rubuta suna da kwanan wata a jiki, ya ajiye inda babu laima. Kada ya sa a leda, domin idan da sauran danshi zai yi fumfuna. Mun manna tauraro ɗaya da busasshen reshe a cikin farar leda a ƙasan wannan takarda, tare da zanen tsiron yana ɗan mako biyu. A duba da ido, kada a ɓalle ledar.